Mama Zauna-Tukuna Ta Ajiye Mabuɗi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin mai shara ya gama da harabar coci, za ka ji ƙarar mabuɗinta a ƙofar ɗan ɗakin nan da ke bayan ofishin fasto, tsakanin ma'ajiyar kujeru da famfon ruwa. Ƙofar tana da taurin kai, sai an tallafe ta da gwiwa take buɗewa. Idan ta shiga, sai ta ɗaga labule, ta goge kujeru biyu da ke fuskantar juna, ta ajiye butar shayi da kofuna biyu a gefe, ta jera wankakkun hankici guda shida a kan tebur. Sannan ta kunna tsohuwar fankar nan mai ƙara kamar injin niƙa. Sau uku matasan coci suna zuwa da niyyar gyara ta, sau uku tana korarsu.

"Ku bar mini ita haka," in ji ta. "Ita ce ke hana na waje jin abin da na ciki yake faɗa."

Daga nan sai ta durƙusa ta yi addu'a kamar minti goma, ba ta ambaton sunan kowa da ƙarfi. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta bar ƙofa a ɗan buɗe. Haka ta yi shekara ashirin da bakwai, Talata zuwa Juma'a, tana aikin ba da shawara ga duk wanda zuciyarsa ta yi masa nauyi. Lahadin da ta wuce ta ajiye mabuɗin.

Mutane da yawa sun manta sunanta na yanka. Duk wanda ya faɗo ɗakin, ko da kuka ya shigo, ko da faɗa, ko yana rantsuwa yau sai ya kori matarsa, abu ɗaya yake fara ji: "Zauna tukuna." Da haka sunan ya bi ta, har jikokinta Mama Zauna-Tukuna suke ce mata. Mijinta tela ne, mutum mai barkwanci, kuma kukansa ɗaya ne a duniya.

"Shekara ashirin da bakwai ina auren matar da ta fi kowa sanin sirrin unguwa," yakan ce, "amma ko gulma ɗaya ba a taɓa kawo mini tsaraba ba. In na ce, 'Yau wa ya zo?' sai ta ce, 'Bayin Allah.' Ni fa asara nake yi."

Ita kuwa sai ta ce masa ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Ba da wannan gwaninta ta fara ba, kuma ita da kanta take ba da labarin ga duk wanda take koya wa aikin, da izinin mai labarin. A shekarunta na farko tana cikin shugabannin zumuntar mata, bakinta da daɗi, ta san Maganar Allah, kowa ya zo sai ta ba shi aya da ta dace, ta yi masa addu'a, ya tafi. Sai aka kawo mata matar wani kafinta, yarinya mai fara'a, wadda ta haihu wata biyu da suka wuce. Tun bayan haihuwar ba ta da aiki sai kuka. Ba ta son ɗaukar jaririn, in ya yi kuka sai ta toshe kunne.

Mama ta dube ta ta ce, "'Yata, Allah ya ba ki kyautar da wasu ke nema da hawaye. Ki gode masa. Ki ƙara addu'a, ki haɗa da azumi, za ki ga canji."

Yarinyar ta ce to. Ta yi addu'a, ta yi azumi tana shayarwa, ta ƙara ramewa. Yanzu kuma ga sabon nauyi a kanta, tana ganin ita butulu ce a gaban Allah. Ranar da kafintan ya dawo daga aiki ya tarar ta haɗa kayan jaririn tana cewa a kai shi gidan da ya fi cancanta, bai tsaya shawara da kowa ba, ya kai ta asibiti. Bayan wata uku sai ga ta a coci da ɗanta goye a baya, tana dariya.

Kowa ya yi murna, Mama ma ta yi, amma abin ya tsaya mata a rai. Washegari ta sa takalmi ta tafi asibitin, ta zauna a benci har layi ya ƙare, ta shiga wurin likitar ƙwaƙwalwar da ta duba yarinyar. Likitar matashiya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarta ta fari ba.

"Likita, ba ciwo ya kawo ni ba," in ji Mama. "Na zo in ji abin da kika gani wanda ni ban gani ba."

Likitar ta ce ba za ta yi maganar marar lafiyarta ba, amma za ta faɗa mata abin da take tambayar kowace mai jego da ta zo da irin wannan kuka. "Yaushe rabonki da barci? Kina iya cin abinci? Kin taɓa jin gara ki bar duniya? Mama, ke kin tambaye ta waɗannan?"

"Ban tambaye ta komai ba," in ji Mama. "Ni ce na yi ta magana."

"Ciwo ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Ba rashin godiya ba ne. Amma ki ji, Mama, ni minti ashirin nake samu da mutum, sai kuma wani watan. Ku kuwa kuna tare da shi kowane mako, kun san mijinta, kun san uwar mijinta. Da kun san alamomin, da kun rage mana aiki."

Daga asibitin gidan kafinta ta wuce. Ta zauna a gaban yarinyar, wadda a haife ta haife ta, ta ce, "Na ɗora miki kaya a kan kaya. Ki yafe mini." Sai da yarinyar ta riƙe hannunta tana cewa, "Haba Mama, ki daina."

A wannan shekarar, tana da arba'in da shida a duniya, ta shiga ajin Asabar na ilimin halayyar ɗan Adam. Da ta gaya wa mijinta, sai ya ajiye almakashi ya ce, "To, gemu ba ya hana ilimi, bare ke da ba ki da shi." Shi ya ɗinka mata jakar littattafai. Shekara huɗu tana zama a tsakiyar sa'o'in 'ya'yanta, tana rubutu da fensir, tana tambayar da kowa ke jin kunyar yi. Wani malaminsu ya taɓa tsokanarta a gaban aji.

"Mama, a nan ba ma cewa 'Allah zai yi.' Abin da bincike ya nuna muke faɗa."

"To malam, ka koya mini abin da bincike ya nuna," in ji ta. "Wanda zai yi ɗin na san inda zan same shi."

Ta kwaso abubuwa da yawa daga ajin nan. Ta koyi yadda ake tambaya ba tare da an tsorata mutum ba, da yadda ake yin shiru har mai magana ya kai inda yake son kaiwa. Ta koyi alamomin da ke cewa wannan ba na ɗakinta ba ne, na asibiti ne, kuma yau ba gobe ba. Ta gane yadda dukan da aka yi wa mutum yana ƙarami yake bin sa har cikin ɗakin aurensa. Amma ba duk abin da aka zuba mata ta haɗiye ba. Inda littafi ya nuna kamar mutum jiki ne da tunani kawai, sai ta ja layi da fensir ta rubuta a gefe, "Da saura." Inda aka nuna kamar duk wani jin laifi cuta ce da za a goge, nan ma ta ja layi.

"Wani nauyin zuciya ciwo ne, a kai shi wurin likita," takan ce. "Wani kuwa laifi ne na gaske, maganinsa tuba da neman gafara. Aikina in gane wanne ya shigo ɗakina. Sau da yawa ma tare suke shigowa, hannu cikin hannu."

Ba kowa ya yi na'am da wannan ba. A cikin dattawan coci akwai wani tsohon hedimasta, mutum mai gaskiya da tsoron Allah, amma ba a taɓa kawo magana a taro bai ce "ba haka ba" tukuna, har aka sa masa Baba Ba-Haka-Ba. A taron shekara ya miƙe da takarda a hannu, ya gyara tabarau, ya ce a rufe ɗakin nan a mai da shi ma'ajiyar ganguna.

"Iyayenmu da gwiwa suka warke," in ji shi. "Yanzu an kwaso mana littattafan mutanen da ba su san zunubi ba, ana tura 'ya'yan Allah layin asibiti. In addu'a ba ta isa ba, a faɗa mana."

Mama ta ga wasu suna gyaɗa kai, kuma a makon nan akwai mutum tara da ke jiran ganinta. Ta nemi izini ta miƙe.

"Baba, addu'a ta isa, ni ma da ita nake buɗe ɗakin nan. Amma in tambaye ka, tabarau ɗin da ke idonka, da gwiwa ka same shi?"

Baba ya fusata, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ɗaga takardarsa zai ci gaba da karantawa. Ya matso da ita, ya nisanta ta, ya juya ta. Ko harafi ɗaya bai gani ba. Fasto ya sunkuyar da kai yana tari, taro ya fashe da dariya.

"Allahn da ya yi ido shi ya ba mai tabarau basira," in ji Mama a hankali. "Da shi kake karanta Maganarsa kowace safiya, kuma bai rage maka bangaskiya ba."

Aka ɗage maganar. Amma Baba bai sauka ba. Shekara goma sha ɗaya, duk taron shekara sai ya tayar da ita, duk shekara ɗakin yana tsallake rijiya da baya. Mama ba ta taɓa fasa gaishe shi da rusunawa ba.

Abin da ya biyo baya ba daga bakinta muka ji ba. Baba ne da kansa ya miƙe ya faɗa a gaban jama'a ranar Lahadin nan.

Matarsa ta rasu farat ɗaya, bayan shekara arba'in da biyu suna tare. Wata biyar bayan haka, wata Talata da safe, Mama ta hango shi ta labule yana wanke hannu a famfo. Ya wanke, ya goge, ya sake wankewa. Da ya tabbatar babu kowa a harabar, sai ya faɗo ɗakin kamar wanda aka koro.

Ta nuna masa kujera, ta zuba masa shayi, ta ƙara wa fanka gudu.

"Ba don kaina na zo ba," in ji shi. "Wani abokina ne."

"Allah sarki. Me ke damun abokin namu?"

Abokin, in ji Baba, ba ya barci. Abinci ba ya wucewa. Ana tsakiyar sujada sai ƙirjinsa ya kama dukan tara-tara, gumi ya karyo masa, ya ji kamar ransa zai fita. Mafi muni, in ya durƙusa zai yi addu'a sai bakinsa ya ƙi buɗewa. Yana ganin Allah ya juya masa baya.

Mama ba ta jawo aya ba. Ta tambayi tun yaushe, ta tambayi sau nawa a mako, ta tambaya ko abokin yana da ciwon zuciya ko hawan jini. Sannan ta dube shi ido cikin ido ta yi tambayar da ba ta tsallakewa, ko abokin ya taɓa tunanin cutar da kansa. Baba ya ce a'a, amma yakan ji in bai farka gobe ba, ba zai damu ba.

"To Baba, abokin nan yana bukatar ganin likita, kuma cikin makon nan. Zan raka shi da ƙafata. In kuma yana jin kunya, ya turo ka a madadinsa, tunda na ga har ramar tare kuka yi."

Baba ya buɗe baki zai ce ba haka ba, sai dariya ta ƙwace masa, ta farko cikin wata biyar. Dariyar ba ta ƙare ba ta juye kuka. Hankici uku ya jiƙa ranar.

Likitar nan ta dā, wadda yanzu furfura ta fara fito mata, ita ta karɓe su. Aka auna zuciyarsa aka ga lafiya lau. Aka ba shi magani, aka koya masa yadda zai ja numfashi in abin ya taso, aka sa masa ranakun dawowa. Cikin mako shida barci ya dawo, ya fara neman ƙari a kwano, ƙirji ya lafa. Amma baki bai buɗe ga addu'a ba. Likitar ta rubuta 'yar takarda ta ba shi ya kai wa Mama da hannunsa: "Na yi nawa, jiki yana amsawa. Akwai abin da ya riƙe a ciki wanda ba a kantin magani yake ba. Ga shi nan na dawo miki da shi."

Sai a zama na huɗu ya faɗa. Safiyar ranar da matarsa ta rasu, ta ce masa tana jin jiri. Shi kuma yana sauri zai tafi taro, ya ce mata, "Ba haka ba ne, raki ne kawai," ya fita. Kafin ya dawo an wuce da ita asibiti. Maganarsa ta ƙarshe da ita kenan a duniya.

Mama ta ajiye kofin shayinta. Ba ta ce masa ba komai ba ne, don ta san ba zai yarda ba, kuma ba gaskiya ba ne.

"Baba, kaya biyu ka haɗa ka ɗaure wuri ɗaya," in ji ta. "Mutuwarta ba kai ka kawo ba. Kai da bakinka ka ce likitocin da suka duba ta sun gaya maka ko a ƙofar asibiti abin ya same ta, da wuya a tare shi. Wannan ka sauke, ba naka ba ne. Amma maganar da ka faɗa mata, kai ka faɗa, kuma ba ta yi daɗi ba. Wannan naka ne. Mu kai shi inda ake kai irinsa. Shekara nawa kana koya wa yara cewa Almasihu yana gafarta wa mai tuba? Ko kai an cire ka a lissafi?"

Suka durƙusa, tsoho da tsohuwa, gwiwoyi suna ƙara. Kalma biyar ya iya haɗawa: "Ya Ubangiji, na yi kuskure." Daga nan sauran suka biyo.

Ta kuma ba shi aikin gida, ta ce ya gaya wa 'yarsa ta fari abin da ya ɓoye. Ya yi mako biyu yana jan ƙafa kafin ya faɗa. 'Yar ta saurara, ta share hawaye, ta ce, "Baba, ai ranar bayan ka fita mahaifiyarmu ta kira ni a waya. Dariya take yi. Ta ce, 'Babanku dai da ba-haka-ba ɗinsa, ko ranar tashin matattu sai ya yi gardama da mai busa ƙaho.' Ba da fushinka ta tafi ba."

Da Baba ya kai nan a labarinsa ranar Lahadi, sai ga mata suna jan hanci, mazan ma suna duban rufi. Sai ya gyara murya ya koma Baban da muka sani.

"Kada ku ce na canza. Littattafan nan nata, har gobe ban yarda da rabinsu ba."

"Ni ma haka, Baba," in ji Mama daga inda take zaune. "Rabin da na yarda da shi ne ya kai ka asibiti."

Sai da fasto ya ɗaga hannu sau biyu kafin dariya ta lafa. Nan take Baba ya kawo shawarar a tura mutum biyu, mace da namiji, su yi karatun da ta yi, don kada ɗakin ya zauna a rufe. Ya juya ya dubi jama'a ya ce, "Akwai mai gardama?" Babu wanda ya yi ko tari.

Mama, ke ce kika yi kuskure ba ki binne shi ba, kika mai da shi darasi. Ke ce kika zauna a benci kika koya daga sa'ar 'yarki. A aji an ce kin cika addu'a, a coci an ce kin cika boko, kika tsaya a tsakiya kina shan rana ta kowane ɓangare, ba ki saki ko ɗaya ba. Rijiya mai murfi, abin da ya faɗa cikinki ba ya fitowa. Akwai gidajen da ke tsaye yau saboda kin sa miji ya yi shiru ya ji matarsa har ƙarshe. Akwai matar da kika gaya wa gaskiya cewa haƙuri ba ya nufin a zauna ana shan duka, kika nemo mata mafaka kafin a zauna sulhu. Akwai waɗanda ba 'yan cocin ba ma, maƙwabta da 'yan kasuwa, da suka zo suka samu kunne, ba ki tilasta wa kowa durƙuso ba. Ba za su iya miƙewa su faɗa ba, ke ma ba za ki faɗa ba, shi ya sa muka ce bari mu faɗa a madadinsu: mun gode. Allah ya saka miki, ya ƙara wa gwiwoyin nan lafiya.

Ku kuma masu karatu, abin koyi a bayyane yake. In kai mai yi wa mutane addu'a ne, ka je ka koyi alamomin ciwo, kada ka ɗora wa marar lafiya laifin rashin bangaskiya. In kai mai ilimin ne, kada ka raina abin da mutum ya dogara da shi tun yana goye. In ba ka da ko ɗaya, kana da kunne biyu, kuma akwai wani a gidanku da ya daɗe yana cewa "lafiya lau" alhali fuskarsa tana faɗin wani abu dabam.

Abu ɗaya ya rage mana game da ita. Shekara ashirin da bakwai tana ɗaukar kayan mutane, ba mu taɓa tunanin wa ke ɗaukar nata ba. Yanzu tana gida, tana da lokaci. Ku je ku gaishe ta, amma ku bar damuwarku a bakin ƙofa. Ku ce, "Mama, ke fa, yaya kike?" In ta ce lafiya, kada ku miƙe. Ku jira sauran amsar.